WACE CE WANNAN? WASAN CANKA NA LOKACIN HUTU

'Yan mata adon gari, an yi hutu an dawo gida, an gama shara da wanke-wanke, an baza tabarma a tsakar gida, to sai me? Sau tari hirar ba ta wuce wance ta yi sabon saurayi, wance an kai kuɗin gaisuwarta, ta wance kuma an fasa. Kafin a tashi an ci naman mutum biyar, gobe a wayi gari ana gaba da juna. To ga wani wasa na kawo muku. Shi ma maganar mutane ake yi a cikinsa, sai dai mutanen tarihi ne, kuma dokarsa ta farko ita ce ba a faɗin abin da ba a tabbatar ba.

Ga yadda ake yinsa. Ku rabu gida biyu, ku zaɓi mai baki da haƙuri a cikinku ta zama uwar wasa. Za ta rubuta sunaye uku a takarda ta ajiye a tsakiya, ta ɗan gabatar da kowanne a taƙaice, sannan ta rubuta ɗaya daga ciki a wata 'yar takarda ta ƙulle a gefen gyalenta. Daga nan sai ta riƙa sakin alama ɗaya bayan ɗaya har biyar, ta fara da mai nisa ta ƙare da ta kusa. Gidan da ya canka a alamar farko ya ci maki biyar, a ta biyu huɗu, haka har zuwa ɗaya. Wanda ya yi azarɓaɓi ya faɗi ba daidai ba a zare masa maki biyu, kuma ya kama bakinsa sai an wuce alama ta gaba.

Mu gwada da 'yan wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Na san wata za ta taɓe baki ta ce ina ruwanta da wasan masu kuɗi, amma ki bari ki ji. Wata 'yar farar ƙwallo ce ake bugawa da sanda a makeken fili mai ciyawa, ana bin ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zura ta a dukkansu da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. A ƙasar Sikotilan ya samo asali, har ma a 1457 sarkinsu ya hana shi saboda ya ɗauke wa samari hankali daga koyon harbin kibiya.

Sunayenmu uku ga su: Sarauniya Meri ta Sikotilan, Althea Gibson, baƙar fata 'yar Amurka, sai Babe Didrikson, Baturiya, ita ma 'yar Amurka. Na ƙulle ɗaya a gyale. Ku kasa kunne.

Alama ta farko: ta riƙe sandar golf, kuma bakin mutane bai bar ta ta huta ba.

Wadda duk ta yi tsalle ta canka a nan, caca ta yi, don dukkansu uku sun sha tsegumi har sun gode Allah.

Alama ta biyu: kafin ta shiga golf, duniya ta riga ta san ta a wani wasan daban.

To a nan sai mu sallami Sarauniya Meri, amma ba za ta tafi ba mu ji labarinta ba. A watan Fabrairu na 1567 aka tashi gidan da mijinta Lord Darnley yake kwance da albarushi, aka tsinci gawarsa a lambun gidan. Sai maƙiyanta suka baza cewa wai kwanaki kaɗan da mutuwar an gan ta a wani wuri da ake kira Seton tana buga golf abinta. Ku ƙaddara mace ce ko sadakar bakwai ba a yi ba aka hango ta a dandali! Uwar wasa ta kula, kada ta ce "ta buga", sai dai ta ce "an zarge ta", don daga bakin masu neman sauke ta maganar ta fito. Abin da ya tabbata shi ne bayan wata uku ta auri Bothwell, mutumin da aka fi zargi da kisan, kuma a shekarar ta rasa sarauta. A 1587 aka fille mata kai a Ingila.

Alama ta uku: a gidan talakawa ta tashi, kuma ta buga da maza tun tana ƙarama.

Har yanzu da sauran rina a kaba, don ta hau kan su biyun da suka rage.

Alama ta huɗu: iyayenta baƙi ne.

Nan ne tarkon yake. Mai gaggawa tana jin "baƙi" sai ta daka tsalle ta ce Althea Gibson, a zare mata maki biyu tana ji tana gani. Da launin fata ake nufi ai da baƙaƙe za a ce. Ita Althea tanis ce ta fito da ita, ta lashe babbar gasar Wimbildon a 1957 da 1958, baƙar fata ta farko da ta taɓa yin haka. Da ta koma golf a farkon shekarun 1960, akwai filayen da ake barin ta ta buga amma a hana ta shiga ɗakin canza kaya, sai a cikin mota take sauyawa. Mace mai kofunan duniya fa! Amma ba ita ce a gyalena ba. Wadda nake nufi iyayenta baƙi ne 'yan ƙaura, daga ƙasar Norwe suka zo Amurka neman abinci.

Alama ta biyar: a filin golf ta haɗu da mijinta, shi kuwa ɗan kokawa ne.

Kwance gyale, 'yar uwa, Babe Didrikson ce.

Sunanta na yanka Mildred, an haife ta a 1911 a garin Port Arthur na jihar Tekzas, ita ce ta shida cikin 'ya'ya bakwai, mahaifinta kafinta. Ba ta ƙarasa sakandare ba wani kamfanin inshora a Dallas ya ɗauke ta aiki don ta buga masa ƙwallon kwando. A 1932 aka yi gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta mata ta ƙasa baki ɗaya, kamfanin ya tura ta ita kaɗai tilo a matsayin ƙungiya. Ta gama wannan ta ruga wancan, a ƙarshe ta tara maki 30 ta cinye kofin, ƙungiyar da ta zo ta biyu da tarin 'yan matanta ta tashi da 22. Tirƙashi! A wasannin Olamfik na Los Anjalis a wannan shekarar wasa uku kawai aka yarda mace ta shiga. Ta ci zinare a jifan mashi, ta ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 80, a tsallen sama kuma alƙalai suka ce kanta ne ya riga jikinta haye sandar, suka ba ta azurfa.

Kuna zaton sai tafi da guɗa? Ina! Wasu 'yan jarida maza suka sa ta a gaba, wai ba ta da fasalin mata, wai gashinta gajere, wai gara ta zauna a gida ta yi kwalliya ta jira mai so. Abin da ba su damu su rubuta ba shi ne yarinyar gwanar ɗinki ce, da yawa daga cikin kayan da take sawa ita ke ɗinka abinta. Irin maganar nan ce dai da har yau ake jefa wa ɗalibar da ta fi kowa gudu ranar gasar gidaje a makaranta, a ce wa zai kwashi wannan. Ita kam ba ta tsaya cacar baki ba, ta ɗauki sandar golf tana atisaye har tafin hannunta ya riƙa fashewa, ta naɗe da filasta ta ci gaba.

A watan Janairu na 1938 ta shiga wata gasar maza a Los Anjalis, aka haɗa ta zagaye ɗaya da George Zaharias, wani ƙaton ɗan kokawa mai asali da ƙasar Girka, wanda ya yi suna da fashewa da kukan ƙarya a fagen kokawa don tunzura 'yan kallo. Gasar dai ba ta kai ko'ina ba a cikinta, amma kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, an ɗaura. Shi ya koma mai kula da harkokinta. Ba zan ce muku zaman zuma da madara ne har ƙarshe ba, don daga baya an samu sanyi a tsakaninsu, kuma ba su haihu ba.

A 1947 ta je har Sikotilan ta ɗauko kofin matan Birtaniya, Ba'amurkiya ta farko da ta yi haka. A 1950 tana cikin mata 13 da suka kafa ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan golf, LPGA, don mace ma ta ci abinci da wasan.

Sai a 1953, tana kan ganiyarta, likitoci suka gano ciwon daji a hanjinta. Aka yi mata aiki, aka huda gefen cikinta aka maƙala jakar da bayan gida ke sauka a ciki. Mutane da yawa suka ce shi ke nan, ta gama. A zamanin da ake ɓoye wannan ciwo kamar abin kunya, ita fitowa ta yi tana faɗa, tana taimakawa wajen tara kuɗin yaƙi da shi. A 1954, da jakar nan a jikinta ƙarƙashin riga, ta shiga babbar gasar matan Amurka ta lashe a karo na uku, ta bar wadda ke bi mata da ratar bugu 12. Ciwon ya dawo a 1955. Ta rasu ranar 27 ga Satumba, 1956, a asibiti a Galveston, tana da shekara 45.

Uwar wasa, wannan ɓangare na rashin lafiya kada ki sa shi cikin alamu. Ki adana shi sai an kwance gyale an gama ihun maki, kowa ta nutsu, sannan ki ba su. Idan kuma aka yi kunnen doki, ki tambaye su lambar da alƙalai suka ba ta a tsallen sama, gidan da ya riga cewa azurfa shi ya ci.