Yadda Kiristocin Bagadaza Suka Kare Aƙidar Triniti

Aƙidar Triniti, wato imanin Kiristoci cewa Allah ɗaya ne a zatinsa amma Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta samu tsayayyen tsari a majalisun Nikiya a shekarar 325 da Kustantiniya a 381, sai dai jarrabawar da ta fi wasa ƙwaƙwalwar masu riƙe da ita ta zo ne a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, inda ya zama dole su bayyana ta da Larabci a gaban malaman da tauhidi shi ne ginshiƙin iliminsu.

Wajen shekarar 781, Timoti na Ɗaya, shugaban Cocin Gabas, ya yi kwana biyu yana muhawara da Halifa Mahdi, inda ya kawo misalin rana, wadda haskenta da zafinta ba su rabuwa da ita, kuma ba su mayar da ita rana uku ba. Misali kaɗai bai gamsar da malaman kalam ba, wato masu kare aƙida da hujjar hankali, don haka malamin Kirista Ammar al-Basri, a ƙarni na 9, ya shiga ta ƙofar siffofin Allah, yana cewa tun da Allah rayayye ne mai magana, to yana da Rai da Kalma tun fil azal, kuma su ne Ruhu da Ɗa. Martanin Musulmi, wanda malamin kalam Baƙillani ya ƙarfafa daga baya, ya kasance mai nauyi ƙwarai: in haka ne, me ya sa za a tsaya a uku, alhali iko ma siffa ce ta azal?

Yahaya ibn Adi, Kirista da ya rasu a 974, almajirin masanin falsafa Farabi, ya bi hanyar falsafa, ya ce Allah hankali ne tsantsa mai sanin kansa, saboda haka shi ne sanin, shi ne masanin, shi ne kuma abin da aka sani, ba tare da zatin ya kasu ba. Abin yabo a aikinsa shi ne amanar da ya riƙe wajen kawo maganar abokan hamayya dalla-dalla kafin ya amsa, har ta kai raddin da Kindi da Abu Isa al-Warraƙ suka yi wa Triniti ya iso hannun masana na yau ta cikin littattafansa.