Karkatacciyar bishiya ba a fara yankanta daga baya

Ni ɗan kara ne, ba ɗan daji ba. Mahaifina shanu yake saukowa da su daga Arewa zuwa nan Ibadan, ni kuma tun da na gama sakandare nake riƙe masa lissafi. To me ya haɗa ni da injin zarto? Daminar bara ce. Iska ta taso da dare, gari na wayewa muka tarar malaina biyu sun karkato kan shingen da muke ɗaure shanu. Baba ya ce a kwashe dabbobin a nemo mai inji.

Wani yaro ɗan Arewa ya zo, irin waɗanda suka koyi aikin a bin masu katako cikin daji. Ya fafe baki ta gaba, ya zagaya baya ya fara yanka kamar yadda ake yi wa kowace bishiya. Bai kai rabi ba muka ji ƙara kamar harbin bindiga. Gindin ya tsage a tsaye, ɓarin baya ya yi sama ya bugi kafaɗarsa ya karya. Da kansa ya samu, wallahi da yanzu wani zancen ake.

Ta biyun wani dattijo Bayarabe ne ya kayar, kuma na tsaya na yi ta tambayarsa. Na rubuto ne saboda yaranmu da yawa sun shiga wannan sana'a a Oyo da Ondo da Edo, akasarinsu da ido kawai suka koya.

Bishiyar da ta karkata, gefen da ta rusuna a danne yake, bayanta kuma a miƙe yake kamar igiyar da bijimi ya ja. In ka sa inji ta baya, zaren igiyar kake tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Nauyinta zai fara janta ƙasa alhali sauran naman itacen yana da kauri, ba zai lanƙwasa ba, sai ya tsage. Kai kuma kana tsaye daidai inda ɓarin zai tashi.

Dabarar ita ce ka cinye cikin bishiyar tukuna, ka bar bayanta yana riƙe da ita har sai ka shirya. Za ka fara da baki ta gefen da za ta faɗi, buɗaɗɗe sosai amma kada ya yi zurfi, kamar kashi 1 cikin 5 na kaurin gindin. Daga nan sai ka tsaya ta gefe ka soka harshen injin cikin gindin, a bayan bakin, har ya ɓulla ta ɗaya gefen. Tsakanin bakin da wannan suka dole ka bar nama wanda ba a taɓa ba, kimanin kashi 1 cikin 10 na kaurin. Gindi mai inci 20, ka bar inci 2 kenan. Wannan naman shi ne linzamin bishiyar, shi ke lanƙwasawa ya kai ta inda ka nufa. Ka yanke shi bisa kuskure, to ta zama ba mai ita.

In ka daidaita linzamin, sai ka ci gaba da yanka daga ciki zuwa baya, ka tsaya saura inci 2 ko 3 kafin ɓawo. Wannan ɗan saura shi ne igiyar da ke riƙe da komai. Ka zare inji, ka ɗaga kai ka duba rassa, ka tabbata babu yaro ko dabba a kusa. Nisan da ake so kowa ya ja shi ne tsawon bishiyar sau biyu. Sannan ka yanke igiyar daga waje, ɗan ƙasa kaɗan da yankan ciki, don kada ta fizge maka inji. Tana motsawa ka bar wurin, baya-baya ta gefe, ba miƙe a bayan gindin ba. Hanyar gudun nan tun kafin a tada inji ake share ta.

Wurin sukar shi ne mai haɗarin. Saman hancin harshen inji in ya taɓa itace, inji shuri yake yi, ya taso zuwa fuska kafin ka ƙifta ido. Don haka da ƙasan hancin ake fara ci, a karkace, inji na gudu sosai, sai ya yi rami ya shige sannan a juyo shi a hankali a tura. Sarƙa kuma ta zama mai kaifi. Babban injin nan Stihl 070 da aka fi gani a dazukan Kudu nauyinsa ya haura kilo 10, kuma ba shi da birkin sarƙa irin na ƙananan injina na zamani. In ya yi shuri babu abin da zai tsayar da shi. A ganina wanda bai taɓa suka ba kada ya fara da tsayayyiyar bishiya, ya gwada hannunsa a kan kututture tukuna, a gaban wanda ya iya.

Dattijon ya ƙwanƙwasa gindin da bayan gatari kafin ya taɓa inji. Na ce, "Baba, wannan kuma fa?" Ya ce in ciki ya ruɓe ko gara ta cinye shi, linzamin ba zai riƙe ba, dabarar ba ta da amfani. Haka in bishiyar ta jingina da wayar lantarki, ko saiwarta ta riga ta ɗago, ya ce shi ko nawa za a ba shi ba ya sa inji. Ya kuma ɗaure gindin tamau da sarƙar mota sama da wurin yankan, ko da za ta yi yunƙurin tsagewa.

Aikin nasa ya ɗauki kusan minti 40, fiye da rabi a dubawa da share ciyawa ya tafi. Ya karɓi ninkin kuɗin da yaron ya nema, Baba ya biya bai yi ciniki ba. Shi kuwa yaron har yau hannun dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, yana nan kara yana taya mu ba shanu ruwa.