Uwargida, Ranar da Kika Kwanta Ciwo Wa Zai Riƙe Sana'ar?

Yau maganarmu ta shafi matan da Allah Ya buɗa wa kasuwa a cikin gida, har aiki ya fi ƙarfin hannu biyu. Zan ɗauki misali da mai yin kayan gara, wato cincin, dubulan, alkaki da nakiya, amma mai ɗinki da mai turaren wuta da mai zoɓo duk za su ga kansu a ciki.

Ki dubi yadda yininki yake. Ke ce mai aiken sayen fulawa da sukari, ke ce mai kwaɓi, ke ce a bakin kasko, ke ce mai amsa waya da hannu duk mai, ke ce mai tuna wa ta biya wa ba ta biya ba. Ga girkin gida, ga yara, ga haƙƙin maigida. Bayan sallah, lokacin da bukukuwa suka yi yawa, sai ki riƙa mayar da masu son kaya don ba ki da lokaci. To ranar da zazzaɓi ya kayar da ke, ko haihuwa ta zo, ko Allah Ya kira ki aikin Hajji fa? Ranar ce sana'ar take tsayawa cak, masu sayen kayanki su koma wajen wata, kuma ba lallai su dawo ba.

Na san amsar da za ki ba ni: "Malama, ba wanda zai yi kamar yadda nake yi." Gaskiya ne, amma ki tambayi kanki dalili. Sau da yawa dalilin shi ne duk ilimin sana'ar a kanki yake da tafin hannunki. Sukari da ido kike aunawa, zafin mai da fuskarki kike ji. Yarinyar da kika ɗauka ba ta ga abin da idonki yake gani, sai ta ɓata kwaɓi ɗaya, ki fusata, ki karɓe aikin, ki ce ai dama kin faɗa.

Saboda haka aikin farko, tun kafin ki ɗauki kowa, shi ne fitar da ilimin daga kai zuwa takarda. Ki sayi ƙaramin sikeli na kicin. Mudu da gwangwani suna yaudara, domin mudun wannan gari ba ɗaya yake da na wancan ba, kuma cikawar hannun Ladi daban da ta Talatu. Ranar da kwaɓi ya yi miki yadda kike so, ki auna komai ki rubuta: fulawa kilo nawa, sukari nawa, bota nawa, ƙwai nawa, ruwa ko madara kofi nawa, da wane kofin. Ki rubuta kaurin da za a murza, girman da za a yanka, launin da za a tsame. Ki ajiye ɗan cincin da ya soyu daidai a cikin kwalba kusa da murhu, mai suya ta riƙa gwadawa da shi. Idan mai taimakonki ba ta iya boko ba amma ta yi Islamiyya, ki rubuta mata da ajami, ko ki ɗauki murya a waya ta riƙa saurare.

Mu a makaranta haka muke tafiya. Akwai manhaja, akwai rajista, akwai littafin da kowace malama take rubuta inda ta tsaya. Shi ya sa idan malama ta tafi hutun haihuwa, wata take shiga ajin ta ɗora daga shafin da aka kwana, ɗalibai ba su yi asarar zango ba.

Sai kuma wane aiki za ki fara saki. Shawarata ki fara da wanda yake cin lokaci amma ɓarnarsa ba ta da tsada: yanka, ɗaurin leda, wankin kwanuka, jera kaya a bokiti. Kuma ki ba mutum aikin gaba ɗaya ya zama nasa. Akwai bambanci tsakanin "zo ki taya ni" da "daga yau ɗauri naki ne, kowace leda awo kaza, ki ƙirga ki rubuta kafin la'asar." Ta farko tana jiran umarni duk minti biyar, ta biyu kuwa ta san abin da za a tambaye ta. Ki yi a gabanta, ku yi tare, sannan ta yi kina kallo, daga nan ki tashi daga wurin. Tashin nan shi ne mai wuya. Ki dawo a ƙarshe ki ɗauki leda 3 ko 4 ki auna, ya wadatar.

Tsoron cewa za ta koyi sirrin ta buɗe tata, ba zan ce babu shi ba. Kina iya riƙe haɗin kayan ƙamshi a hannunki, ki haɗa na mako guda ki ƙulla. Amma ki sani wadda ta yi shekaru tana miki aiki wata rana za ta tafi, aure ko sana'arta. 'Yan kasuwa maza sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke sallamar yaron shago da jari, ya zama abokin hulɗa. Wadda kika sallama da mutunci ita za ki tura wa aiki ranar da ya yi miki yawa.

Batun lada kuwa, a yanke shi tun ranar farko, ko da ƙanwarki ce ko 'yar yayar maigida. Hasali ma da dangi aka fi samun rigima, don ana jin nauyin faɗin kuɗi, ana jin nauyin gyara, sai ƙorafi ya taru ya fashe a taron suna. A faɗi nawa ne, a rana ko a bokiti, yaushe ake biya, wa yake ɗaukar asarar abin da ya ƙone. Kuma don Allah kada 'ya'yanki su zama ma'aikatan kyauta. Ina ganin 'yan mata masu ƙwaƙwalwa suna gyangyaɗi a aji, ko su yi mako ba su zo ba, in an bincika sai a ji ana suyar biki a gidansu. Su taya ki a ranar hutu su koyi sana'a, wannan alheri ne, amma kada karatunsu ya zama shi ne ribarki. Sannan tunda baƙi za su riƙa shigowa gidan aurenki, ki nemi yardar maigida, ku tsara lokacin zuwa da tashi, mai adaidaita sahun da zai kai kaya ya tsaya a zaure.

Inda aka fi zubar da hawaye shi ne kuɗi. Ki raba kuɗin sana'a da na cefane, asusu daban, ki yanka wa kanki albashi kamar kowa. Ki tanadi littafi guda na masu son kaya: suna, abin da ake so, ranar karɓa, kafin alƙalamin da aka bayar, da saura. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne ki rubuta. Ki kafa ƙa'idojin da mai taimakonki za ta bi ko ba kya nan: ba a ɗora kasko sai an ba da rabin kuɗi, kaya ba ya fita sai an ga kuɗin a cikin asusu, domin hoton rasit da ake turowa ta WhatsApp ana yin na bogi. Bashi kuma ke kaɗai kike bayarwa. Farashi ma a rubuce, kuma a riƙa sabunta shi. Wadda ta ga yadda kaya suka tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta san cewa sayarwa a farashin watan jiya cin jari ne.

Uwar Muminai Nana Khadija (RA) ba ita take bin ayari da ƙafarta ba. Tana zaɓar amintattu ta ba su dukiyarta a kan rabon da aka sani. Da ta ji labarin gaskiya da amanar Manzon Allah (SAW), tun kafin a aiko shi, ta ba shi kayanta zuwa Sham, ta haɗa shi da yaronta Maisara, wanda ya dawo ya ba ta labarin tafiyar.

Idan aiki ya kai ki fara kai kaya manyan kantuna, za su nemi lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna, kuma jami'anta sukan duba wurin da ake yin kayan da tsabtarsa. Kafin nan sai kin yi wa sunan sana'ar rajista a hukumar CAC, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Hukumar SMEDAN, da aka kafa a 2003 don ƙananan sana'o'i, tana shirya horo, ki tura a tambayo miki a ofishinsu na jiharku.

Bayan wata 2 ko 3 da fara wannan tsari, ki gwada shi. Ki zaɓi makon da ba biki da yawa, ki tafi ganin gida kwana 3, ki ce kada a kira ki sai in ta kama dole. Duk kiran da aka yi miki ki rubuta dalilinsa. In an kira don ba a san nawa za a ce wa mai son rabin bokiti ba, to takardar farashi ce ba ta cika ba. In don mai ya ƙare ana tsakiyar suya, sai ki sa alama a jikin jarka, da zarar ya sauko nan a aika kasuwa. Da kin dawo ki cike waɗannan guraben, sannan wata mai zuwa ki ƙara kwanakin su zama 5.