Digirin biyoloji a Maraɗi: Abin da ɗalibi da mai biya masa ya kamata su sani

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito a Nijar, gidaje da dama a garuruwa irin su Sarkin Yamma da ke gundumar Madarumfa kan zauna shawarar fannin da yaro ko yarinya za su karanta a jami'a. Galibi har da 'yan uwan da ke ci-rani a Kano, Legas, Aljeriya ko Libiya ake yin shawarar ta waya, tunda su ne ke turo kuɗin haya da abinci da takardu.

Da zarar an ambaci biyoloji, wato kimiyyar halittu, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne likita. To amma digirin biyoloji daban, karatun likita daban. Rashin sanin wannan kan sa ɗalibi ya yi asarar shekara, mai biya kuma ya yi asarar guminsa.

Jami'ar da ta fi kusa da Sarkin Yamma ita ce ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Damagaram da ta Tawa. Daga baya aka sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin kimiyya kuma tsohon ministan ilimi na Nijar. A can, sashen biyoloji yana ƙarƙashin tsangayar kimiyya da fasaha. Karatun likita yana tsangayar kimiyyar lafiya, aikin gona da muhalli kuma suna da tasu tsangayar. Kowacce da ƙofar shigarta.

Tun daga lise hanya ke rabuwa

Sharaɗin farko ba a jami'a ake cika shi ba. Ɗalibin da ya ci BEPC ya shiga lise yana fuskantar zaɓi tun shekarar farko: ɓangaren adabi ko na kimiyya. Wanda ya bi kimiyya shi ne zai ƙare da bakaloriya rukunin D, mai ƙarfi a kimiyyar halittu da lissafi, ko rukunin C, mai ƙarfi a lissafi da fizik. Waɗannan biyun ne ke buɗe ƙofar biyoloji. Rukunin A na adabi ne, hanyarsa ta nufi shari'a, harsuna, tarihi da makamantansu.

Ke nan yaron da ya gudu daga lissafi yana ɗan shekara 16 ya riga ya yanke hukuncin da zai biyo shi har bakin jami'a, sau da yawa ba tare da kowa a gida ya lura ba.

Shekara uku, kiredi 180

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD, wato lisans, masta da dakta, wanda ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su runguma a 2007. Lisans shekara uku ce, an raba ta zango shida. Kowane zango yana da kiredi 30, sai ɗalibi ya tara 180 kafin a ba shi takarda. Ana ba da maki a kan 20, kuma 10 ne matakin tsallakewa. Wanda ya kasa yana da jarrabawar zagaye na biyu.

Kowane darasi kan zo da fuska uku: lacca a babban zaure, aikin atisaye a ƙananan rukuni, da aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje. Lacca ana iya aron littafin aboki a kwafa, amma aikin ɗakin gwaji sai mutum ya je da ƙafarsa, ya kuma rubuta rahoto. Wannan ne ke wahalar da ɗalibin da ke son haɗa karatu da kasuwa ko komawa gona da damina.

Shekarar farko ita ce ke ba sababbin ɗalibai mamaki. A tsarin da jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci ke bi, ban da nazarin ƙwayar halitta da dabbobi da tsirrai, akwai lissafi, fizik, kimiyyar sinadarai da ilimin ƙasa da duwatsu. A shekara ta biyu ake shiga sinadaran jikin halitta, ilimin gadon halitta, ƙananan halittun da ido ba ya gani, yadda gaɓoɓi ke aiki, da ƙididdiga. A ta uku ne ɗalibi ke karkata zuwa ɓangaren da ya fi so. Duk da Faransanci ake yi, ga kuma Turanci da kwamfuta, domin yawancin sababbin binciken kimiyya da Turanci ake wallafa su.

Idan Najeriya aka nufa

Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ba wata tafiya ba ce, shi ya sa wasu ke hangen Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Bayero ta Kano, ko Ahmadu Bello ta Zariya. A can digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, biyoloji, kimiyyar sinadarai da fizik. Mai takardar bakaloriya sai an tantance darajarta, kuma dole ya iya Turancin da zai bi lacca. Ko ta wace hanya aka bi, lissafi da sinadarai suna nan suna jira.

Ina takardar ke kai mutum?

Mai lisans ta biyoloji ba ya duba marar lafiya, ba ya rubuta magani. Karatun likita aƙalla shekara bakwai ne. Hanyoyin da ke gaban mai biyoloji su ne koyar da kimiyya a kolej da lise, aiki da hukumomi da ƙungiyoyin noma, muhalli da abinci mai gina jiki, ko ƙarin shekara biyu na masta don shiga bincike.

Kuma aikin yana nan a ƙofar gida. Masu bincike na cibiyar INRAN da ke Tarna da na Jami'ar Maraɗi sun yi shekaru suna yaƙar tsutsar da ke cinye zangarniyar hatsi, ta hanyar kiwata wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke kashe ta, a kuma sake shi cikin gonakin ƙauyuka. Tafkin Madarumfa da dajin Baban Rafi su ma suna bukatar waɗanda suka san kifi da tsuntsaye da itatuwa a ilimance.

Saboda haka kafin a cike takarda ko a turo kuɗi, tambayoyi uku sun isa: wane rukunin bakaloriya yaron ya ci, nawa ya samu a lissafi da sinadarai, kuma likita yake so ya zama ko masanin halittu. Sauran bayani, kamar ranar rufe rajista da sharuɗɗan tallafin hukumar ANAB, a ofishin jami'a ya kamata a nema, ba a bakin 'yan unguwa ba.