Kaurin Waya da Ƙarfin Birkin Tirela

A Hausa, tirela babbar motar kaya ce mai birkin iska. A Amurka kuwa, ƙananan tirelolin da mota ke ja da yawansu birkin lantarki gare su, inda maganaɗisun kowace taya ke jan kimanin amfiya 3, wato amfiya 12 ga tayoyi huɗu. Idan waya ta cika siranta ko tsawo, wuta kan ragu a hanya, birki ya ƙi kamawa sosai a gangara. Don haka ake zaɓar wayar jan ƙarfe mai sili-sili, wadda ke jure jijjiga, mai lamba 12 a ma'aunin AWG, ko 10 ga doguwar tirela. A wannan ma'auni, gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon kaurin waya.