Poirot da Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil: Hujja ko Duka?

Daga 1989 zuwa 2013, tashar ITV ta Birtaniya ta mayar da labaran Agatha Christie wasan talabijin mai kashi 70, inda David Suchet ya fito a matsayin mai bincike Hercule Poirot. Cikin raha yake gano mai laifi, ta hanyar tambayoyi da lura da saɓanin maganganun shaidu, bai taɓa buƙatar kulki ba.

Darasin ya shafi ɗaliban Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta haramta tilasta wa wanda ake zargi amsa laifi, kuma kotu na watsi da ikirarin da aka samu da duka. Idan babu hujja, mai laifi kan kuɓuta, marar laifi ya daɗe a tsare.