Harshe da Sakamakon Jarrabawar Ƙaramar Sakandare: Misali Daga Tirwun, Bauchi

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito ba yadda ake so ba, akan ɗora laifin a kan ragwancin ɗalibai ko ƙarancin malamai da kayan aiki. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa makin da ɗalibin aji uku na ƙaramar sakandare yake samu awo ne na abu biyu a haɗe, wato saninsa ga darasi da kuma ƙwarewarsa a harshen da aka yi masa tambaya da shi. An ɗauki Tirwun a matsayin misali saboda yanayin harsunan da ke cikinta.

2.0 Jarrabawar da Matsayinta

Ƙaramar sakandare ta samo asali ne daga tsarin 6-3-3-4 da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanada, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. Bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999 da dokarsa ta 2004, sai aka haɗe shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare suka zama ilimin tushe na shekara 9. Jarrabawar da ke rufe wannan zango ita ce ake kira BECE. Hukumar NECO ke shirya wa makarantun gwamnatin tarayya, jihohi kuma su shirya wa makarantunsu. Da sakamakonta ake duba cancantar yaro ta shiga babbar sakandare. In ban da takardun harsuna, da Ingilishi ake tsara tambayoyinta.

3.0 Yanayin Harshe a Tirwun

Tirwun tsohon mazaunin Gerawa ne, kuma a nan aka haifi Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kafa birnin Bauchi a 1809. Geranci harshe ne na dangin Cadi ta Yamma, a rukunin Bole-Tangale. Hausa ta daɗe tana maye gurbinsa a bakin matasa, amma Hausar da yaro ke tashi da ita a nan karin Bausanci ne. Ke nan ɗalibi na iya jin Geranci a bakin kakanni, ya yi hira da Bausanci, a koya masa Daidaitacciyar Hausa a aji, sannan a jarraba shi da Ingilishi.

4.0 Takardar Hausa

Ana iya zaton cewa yaron da Hausa ce harshensa ba zai sha wahala a wannan takarda ba. Sai dai ma'aunin da ake gyara ta da shi Daidaitacciyar Hausa ce, wadda aka gina bisa Kananci. Dubi waɗannan misalai:

(1a) Motan Audu ne.
(1b) Motar Audu ce.
(2a) Ya sayo riga ma Audu.
(2b) Ya sayo wa Audu riga.

Jimlolin (a) daidai suke a bakin masu Bausanci da yawa, domin karin ya sassauta bambancin jinsi, kuma yana barin karɓau kaikaitau ya biyo bayan karɓau miƙau. A wurin mai gyaran takarda kuwa, kurakurai ne da za a ja wa layi. Ga kuma matsalar ƙa'idojin rubutu, kamar haɗe "ya zo" ya koma "yazo", da watsi da baƙaƙe masu lanƙwasa, har a kasa bambance "ƙafa" da "kafa". Wayar salula ta ƙara yaɗa wannan ɗabi'a. Abin lura shi ne, ba rashin iya Hausa ke rage wa yaron maki ba. Rashin koya masa bambancin karinsa da daidaitaccen kari ne, dalla-dalla.

5.0 Sauran Darussa

A baya, Manufar Ilimi ta yi tanadin a koyar da harshen uwa ko na muhalli a shekara uku na farkon firamare, sannan a koma Ingilishi. Wannan tsari ya ɗauka cewa yaro zai iya karatu da harshensa kafin sauyin. Gwaje-gwajen karatun Hausa da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 sun nuna cewa mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya daga ɗan gajeren labari. Irin wannan sakamako ne ya sa aka samar da littattafan Mu Karanta a jihohin biyu.

Yaron da ya tsallaka Ingilishi ba tare da wannan tubali ba, haddar allo zai riƙa yi. Alal misali, ɗalibin da ke taya mahaifinsa ciniki a kasuwar Muda Lawal yana lissafa riba da canji da ka. Idan aka kawo masa lissafin nan cikin sakin layi na Ingilishi, sai ya faɗi, a rubuta cewa bai iya lissafi ba, alhali karatu ne ya kayar da shi.

6.0 Hatsarin Fassara Sakamako

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a duk shekara 6 na firamare. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke ta, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawoyi. Amma waɗanda suka zauna jarrabawoyin sun bar firamare tun kafin a kafa manufar, kuma da Ingilishi aka jarraba su. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara 6 tare da Ingilishi a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, akwai ayyuka uku a gaban masana harshe. Na farko, a nemi takardun amsa na ɗalibai a rarraba kurakuran, a ware na kari da na ƙa'idar rubutu da na rashin sanin darasi. Na biyu, a gwada ba ɗalibai tambayoyin lissafi da kimiyya iri ɗaya cikin Hausa da Ingilishi, domin a auna rabon harshe a faɗuwarsu. Na uku, kwalejojin ilimi su horar da malaman Hausa kan siffofin Bausanci, yadda za su ɗora daidaitaccen kari a kan abin da yaro ya zo da shi daga gida. Muddin ba a yi haka ba, za a ci gaba da yanke wa yaran Tirwun hukunci da ma'aunin da bai tantance abin da yake aunawa ba.